Bayan da ke Cikin Hoton Nawa Ne

Jiya da safe maigadi ya hana ni shiga ofishin hukumar da ke ba ma'aikatan jinya lasisi, wai silifa ne a ƙafata. Ya nuna mini wani allo a jikin ƙofa. Na ce masa karatuna bai kai na ƙananan rubutu ba, sai ya karanta mini da kansa: ba a shiga sai da rufaffen takalmi. Na ce masa, ɗana, shaida na zo bayarwa a kan tsiraici, yatsun ƙafa ne za su firgita ku? Ko murmushi bai yi ba. Dole na tsallaka titi wurin mai gyaran takalmi, ya ara mini wani baƙi da mai shi bai zo karɓa ba. Ya matse ni kamar yana da tsohuwar gaba da ni. Da shi na hau bene ina ɗingishi.

Bari in koma baya, don ku san abin da ya kai tsohon direba gaban manya.

Maƙwabcina nas ne a ɓangaren tiyata. Unguwa na kiransa Sannu-Sannu, don kafin ya soka maka allura sai ya faɗi haka, kamar shi ne zai ji zafin. Shekararsa goma sha bakwai a aiki, 'ya'yansa huɗu, ga mahaifiyarsa a hannunsa. Lokacin da aka yi mini aikin mafitsara, shi ya riƙa wanke ni, yana juya ni, yana ja mini zane kafin ya bar kowa ya leƙo. Ya ga abin da 'ya'yana ba su taɓa gani ba, kuma har yau bakinsa bai furta ba.

To, wata huɗu ke nan famfon unguwarmu bai ɗigo ba. Ba don an manta da mu ba ne, Allah ya sani. Mai Girma Uban Alkawari, ɗan siyasar yankinmu, ya zo da kansa, da rumfuna da kujeru da masu tafi, ya murɗa sabon famfo ruwa ya zubo, muka yi ta sa albarka. Sai da aka naɗe rumfuna muka ga tankar ruwa tana fitowa daga bayan katanga, tana jan tiyo. Tun ranar famfon nan yake tsaye, awaki na sosa jiki da shi.

Ruwan da ya rage mana guda ɗaya ne. Akwai bututun da ke wucewa ta bayan layinmu zuwa unguwar manya, Allah ya ji kukanmu ya fashe a wani lungu. Katanga ta tare gefe biyu, gawar wata tsohuwar tirela ta tare na uku. Mata na ɗiba da hantsi, maza kuwa in gari ya waye mukan je mu watsa ruwa. Kowa ya san ƙa'ida: da gajeren wando, manya ne farko, kuma idonka a kan bokitinka. Mun lura da hagu, mun lura da dama. Ba wanda ya ɗaga kai ya tuna cewa gidan da ke bayan katangar bene ne, kuma bene yana da taga.

Sannu-Sannu yana da wata ɗabi'a ta mutanen tiyata. Ba ya shiga asibiti bai yi wanka ba, ko da duniya za ta tashi, kuma farar rigar aikinsa ba ta taɓa ƙasa. A goge yake zuwa da ita a jikin hanga, ya rataye a wata ƙusa da ya kafa da hannunsa a katanga, ga katin sunansa maƙale a aljihu yana sheƙi. Ranar da abin ya faru ya riga ya gama wanka, ya koma can gindin bututu yana cika jarka biyu da yake kai wa ɗakin tiyata, don su ma can famfon ado ne. Ni da na makara ranar, ni ne na rage a ƙarƙashin rigar. Na leƙa ban ga kowa ba, na cire gajeren wandon in matse shi, kaina fal kumfar sabulu. Daidai nan wani bawan Allah ya ɗauki hoto daga sama.

Kafin azahar hoton ya shiga kowace waya. Bayan mutum ne tun daga ƙeya har dugadugi, ba fuska, ga farar riga kusa da shi da suna ɓaro-ɓaro. Cikin kwana biyu abubuwa biyu suka faru, kuma ina roƙon masu cewa hukuma ba ta da sauri su nemi gafara. Ma'aikatan ruwa da muka yi watanni muna yi wa sintiri suka zo da mota biyu suka toshe fashewar, ruwan manya ya daina ɓata lokaci a wurinmu. Sannan takarda ta iso wa Sannu-Sannu: an dakatar da shi, an riƙe lasisinsa, zai gurfana gaban kwamitin ladabtarwa saboda zubar da mutuncin aiki a bainar jama'a.

Nan zan faɗi laifina, tunda ba wanda zai faɗa mini. Kallo ɗaya na yi wa hoton na gane mai bayan. Akwai tabon ƙuna daga kafaɗar hagu zuwa tsakiyar baya, tafasasshen ruwan lagireton mota ne ya yi mini shi shekara talatin da suka wuce. Amma na yi gum. Ina zaune a majalisar ƙofar tela ana miƙa waya hannu zuwa hannu, ana cewa ashe nas ɗin nan duk tsaftarsa haka bayansa ya yamutse, ni ma ina gyaɗa kai. Shi kuma ya rubuta wa kwamiti cewa ba shi ba ne. Suka ce to wane ne? Ya ce ba zai iya faɗa ba. Mako shida yana zaune a gida, kullum ya gaishe ni, Baba an tashi lafiya, bai taɓa ko ɗaga mini gira ba.

Uwar 'ya'yana ce ta kawo ƙarshen abin. Tana ninke kaya, ba ta ko dube ni ba, ta ce shekara talatin tana shafa wa tabon nan mai, ko a cikin dubu za ta ware shi. Ta ce matar Sannu-Sannu ta fara sayar da kayan ɗakinta ɗaya bayan ɗaya.

"Mutumin da ya rufa maka asiri kana kwance," in ji ta, "shi za ka bari ya tsufa da naka a kansa?"

Washegari na je na sa a rubuta sunana a masu shaida.

Kada wani ya ɗauka ina cewa abin da mutum ke yi bayan an tashi aiki bai shafi aikinsa ba. Shekara talatin da huɗu na yi a kan sitiyarin babbar mota. Direban da ya wuni yana shaye-shaye ranar hutunsa, washegari ba na ba shi makulli, ko ya rantse da me. Nas ɗin da zai zauna a shagon aski yana ba da labarin cutar matar wane, a karɓe lasisinsa, ni zan riƙe musu ƙofa. Wannan halin yana bin mutum har bakin gadon majiyyaci. Amma wanka? Na tambayi tela, na ce a cikin manyan asibitin nan wa aka taɓa gurfanarwa don ya bar marasa lafiya a layi ya tafi asibitin kansa? Wa aka taɓa dakatarwa don maganin da aka kawo kyauta ya ɓulla a kantin ƙaninsa? Tela ya ciji zare ya ce ai waɗannan duk da rigarsu suke yi.

Jiya ne zaman. An ce mu zo ƙarfe tara, manya suka iso sha ɗaya da rabi. Su bakwai ne, a ɗaki mai sanyi kamar cikin firji. Gaban kowa robar ruwa biyu, a kurɓa sau ɗaya a ture, masinja ya kwashe ya kawo sabuwa. Na lura Sannu-Sannu ma robobin yake kallo. Shugaban zaman, Mai Girma Garkuwar Ɗa'a, mutum ne mai cika kujera, ya buɗe da jawabin minti arba'in a kan kunya. Yana gamawa ya ce a kashe fitila a haska hujja.

Jama'a, a lungunmu ba wanda ya ga bayana sai mai taga. A waya kuwa bai fi tafin hannu ba. Amma a ɗakin kare mutunci sai ga shi an haska da majigi ya cika bango, ya fi ƙofa tsawo, gaban mambobi bakwai, da sakatare, da masu rubutu uku, da masinja, da mai kawo shayi da ya ƙi fita. Wani mamba ya tashi da sanda yana nuna sassa. Wata mai tabarau ta ce a ƙara girman ɓangaren ƙasa don a tabbatar babu wando. Aka ƙara. Aka kuma raba kwafi, kowa ya sa a fayil ɗinsa. Sakatare ya ce wannan ne zama na biyar da aka haska shi.

Da aka kira ni, shugaba ya tambayi sana'ata. Na ce direba ne, na ajiye. Ya ce ina da rajista da su? Na ce lasisin da na taɓa riƙewa na tuƙi ne, shi ma ya mutu. Ya ce to me na sani game da wannan hoto?

"Ranka ya daɗe, bayan nan nawa ne."

Na ce su dubi tabon, su kuma dubi fatar, su gaya mini ko ta ɗan shekara arba'in ce. Mai sanda ya ce magana ba hujja ba ce, kowa na iya zuwa ya ce bayansa ne don ya ceci abokinsa. Na ce gaskiyarsa, shi ya sa na taho da bayan. Na miƙe na fara ɓalle maɓalli.

Ban taɓa ganin manya sun motsa da sauri haka ba. Mai tabarau ta kare fuska da fayil, fayil ɗin da hoton ke ciki. Shugaba ya riƙa dukan tebur yana cewa nan wuri ne mai daraja, ba a tuɓe riga a nan. Na nuna masa bango na ce, ranka ya daɗe, ai tun ɗazu a tuɓe nake. Sannu-Sannu ya taso ya riƙe mini hannu, yana cewa Baba bari, don Allah bari. A ƙarshe aka yi shawara a tura mamba ɗaya ya duba ni a wani ɗaki. Aka rasa mai zuwa, duk da cewa shida daga cikinsu da duba jikin mutane suka fara cin abinci. Masinja aka tura. A ɗakin ajiyar tsintsiya ya ɗaga mini riga, ya duba, ya ce sannu Baba, ya koma ya shaida musu tabo ɗaya ne.

Ni a wautata na ɗauka magana ta ƙare. Ashe kwamitin da ya zauna sau biyar ba ya tashi hannu wofi. Suka fitar da mu, suka yi awa biyu, har aka shiga musu da abinci. Da aka mai da mu sakatare ya karanta hukunci. An wanke ma'aikacin daga laifin tsiraici. An same shi da laifin rataye rigar aiki kusa da tsiraicin wani. Za a mayar masa da lasisi, ya koma aiki ranar Litinin, amma da gargaɗi na ƙarshe a fayil ɗinsa, kuma daga yau ya nisanci mu'amala da mutanen da ka iya zubar da ƙimar aikin. Game da mai bayan kuwa, kwamiti ba shi da hurumi, tunda ba shi da wata sana'a mai rajista da za a ce ya zubar wa mutunci.

Sannu-Sannu ya karɓi takardarsa da hannu biyu, ya yi godiya har da rusunawa. Ban ga laifinsa ba, baki shida ke jiran takardar nan a gida. Muka sauko tare, yana riƙe da gwiwar hannuna a kan matakala. Da muka kusa ƙofar fita sai ya sake ni, ya duba tagogin sama, ya rage murya.

"Baba, ka yi haƙuri. Bari in riga ka fita."

Na ce je ka, ɗana, Allah ya tsare. Na tsaya na ƙirga ɗari sannan na bi bayansa. Yau da safe ta kan katanga ya gaishe ni, muryarsa kawai na ji. Ya tambayi hawan jinina, ya ce in aiko da uwar 'ya'yana ta karɓi maganin.

Saboda haka ina sanar da likitoci, da lauyoyi, da injiniyoyi, da duk mai takardar da ake iya ƙwacewa: in kun hango wani tsoho mai furfura yana tafe, ku tsallaka ɗaya gefen titi, ba zan ji haushi ba. Ni dai yanzu hankalina kwance. A duk layinmu ni kaɗai ne hukuma ta tabbatar a rubuce, da hatimi da sa hannun mutum bakwai, cewa ba ni da abin da zan zubar.