Barista Ɗage Ya Koma Aji

Idan ana lissafa waɗanda annobar korona ta yi wa rana a ƙasar Daura, to a fara da Barista Abdulmuhaimin, ɗan Alhaji Maliki mai fataucin shanu, kafin a zo kan masu ɗinkin takunkumi. Allah ya yi wa bawan nan baiwa. Matsayin da wasu ke shekara da shekaru suna nema har sanƙo ya cinye musu kai, shi a yini guda ya same shi, ranar da aka rufe makarantu.

Da safe ya bar wata makarantar koyon aikin shari'a da ke cikin Daura yana ɗalibi. Da la'asar ya sauka a ƙauyensu, can bayan Mai'adua, yana lauya. Baƙar kwat, jan naktayi, baƙin tabarau, ga zafin bazara ana neman inuwa ko ta turmi ce. Da mahaifinsa ya tambaye shi ko an gama ke nan, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Baba, an sallame mu."

Bai yi ƙarya ba. An sallame su, su da 'yan firamare duka. Abin da bai ga dalilin ɗora wa tsoho ba shi ne, wannan ce shekararsa ta biyu a ajin farko. Darussan ne suka shaƙu da shi, suka ƙi rabuwa da shi.

Alhaji Maliki ya yanka rago. Ya sa aka kwashe buhunan dusa daga shagon ƙofar gida, aka share, aka sa tebur da benci. Barista ya ce daga yau sunan wurin cemba, wato ofishin lauya. Awaki ne kawai ba su samu labari ba, kullum sai sun leƙo.

Hukuncinsa na farko a kan ita kanta korona ya yanke shi, a teburin mai shayi.

"Wannan cuta ba ta da hurumi a garin nan," in ji shi. "A shari'ance, wanda ya ce akwai abu shi zai kawo shaida. Wa ya gan ta? Wa ya san gidan ubanta? Na kori ƙarar."

Ya bi jama'a ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu, don a ga ƙarfin hujja.

Sai kuma Allah ya kawo masa babbar shari'a. Hamma da Mati 'yan maza zar ne, gonakinsu na jingine da juna, a tsakaninsu akwai wani fili mai tsamiya, inda dawa ta fi yin kyau a duk yankin. Duk shekara sai sun yi cacar baki a kansa, mai gari ya tsawata musu, kowa ya nome ɓangarensa. Bana suka ce tunda gari ya yi lauya, a yi ta ta ƙare.

Barista ya saurare su ido a rufe, yana kaɗa ƙafa. Da suka gama ya buɗe ido a hankali, kamar wanda ya dawo daga nesa.

"Kawu Hamma, Kawu Mati, wannan lamari ya fi ƙarfin Hausa. Na sa injankshan. Kada wanda ya kuskura ya sa fartanya a filin nan sai na yanke hukunci. An ɗage zama."

Tsofaffin suka fita suna jinjina kai. Ba su san injankshan ba, amma daga jin nauyin kalmar sun san ba a wasa da ita.

Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka. Suka dawo cemba, aka ɗage zama. Aka yi noman farko, aka yi maimai, aka ɗage zama. Wani lokaci saboda Barista na nazari, wani lokaci saboda kwat na wurin mai guga. Gero ya fitar da kai, dawa ta nuna, aka yi girbi. Filin tsamiya kuwa ya ba da tafasa da ƙarangiya masu kyan gaske. Gidan Mati, mai iyali da yawa, tun kafin rani ya yi nisa aka fara auno hatsi a kasuwa. A nan ne gari ya raɗa wa gwanin namu suna Barista Ɗage. Da ya ji, ya ce ai manyan alƙalai ma da laƙabi aka san su.

Ana nan, wata safiya rediyon mai shayi ya sanar cewa ɗalibai za su koma aji, da sharaɗin sa takunkumi da wanke hannu da ba da tazara. Barista ya ajiye kofinsa bai shanye ba.

Washegari ya fito da takunkumi biyu, ɗaya kan ɗaya, da safar hannu, da kwalbar sanitaiza a aljihun gaba. Wanda ya miƙo masa hannu sai ya ja da baya.

"Ana wasa da rayukan al'umma," ya ce, muryarsa na fitowa kamar daga cikin tulu. "A tara 'ya'yan mutane a ɗaki ɗaya, annoba na yawo? Ni ba don kaina nake magana ba, ni na wuce nan. Ƙannena nake tausayi."

Mai shayi ya ce, "Barista, ba kai ka kori ƙarar ba?"

"Na ɗaukaka ta. Sabbin hujjoji sun bayyana."

Bai tsaya nan ba. Ya hau babur ya tafi Daura, ranar da hukumar makarantar ta kira ɗalibai don jin ra'ayinsu kan komawa. Ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo, ya ambaci tsarin mulki, ya ambaci Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga ƙarshe ya gindaya sharaɗin da ya tabbata ba mai iya cikawa: in dai za a yi karatu, to a fili, inda iska ke kaɗawa, ba a cikin ɗaki ba. Shugaban makarantar ya yi masa godiya, ya ce shawara ce mai kyau, dama ajin farko sun yi wa ɗakinsu yawa. Kafin mako ya zagayo an fito da bencina ƙarƙashin itatuwan darbejiya, daf da hanyar shigowa.

A gida Barista ya yi bayani a taƙaice. "Sun roƙe ni in riƙa taimaka musu da koyarwa. Na so in ƙi, amma ilimi amana ne."

Lokacin kai taki gona ya zo. Hamma da Mati suka ga in suka yi sake, wata daminar ma za ta wuce su. Cemba kullum a rufe. Karon farko cikin shekaru bakinsu ya zo ɗaya: a bi Barista Daura ya yanke hukunci ko a tsaye ne. Alhaji Maliki ya ce shi ma zai je, ya daɗe yana son ya ga ɗansa a gaban allo.

A ƙofar makaranta aka sa su wanke hannu, aka auna musu zafin goshi, aka ba su takunkumi. Ba su yi nisa ba suka tarar da aji a inuwa, ɗalibai zaune nesa da juna. A gaban allo wata mace ce, Malama Adawiyya, mai koyar da ajin. Alhaji ya duba gefenta, ya duba bayanta, bai ga kwat ba. Can a bencin ƙarshe ya hango ta, mai ita ya dunƙule, hula har gira.

"Abdulmuhaimin Maliki, tashi," in ji Malama. "Kai da ka ji wannan darasin bara, gaya wa ƙannenka. Wa ke da ikon hana mutum taɓa fili kafin a yanke hukunci?"

Barista ya miƙe. Yana miƙewa ya yi ido huɗu da mahaifinsa, da Hamma, da Mati.

"Malama, ina roƙon a ɗage…"

"Ba a ɗagewa a nan. Ɗaga murya dai, takunkumin ya yi maka yawa."

"Kotu ce," ya faɗa, da ƙyar.

Mati ya matso, ya rusuna. "Gafara dai, Malama. Kotu kaɗai? Shi Barista fa?"

"Wane Barista, Baba?"

Mati ya nuna shi da baki. Kafaɗun 'yan ajin suka kama rawa saboda dariya. Takunkumi ya yi wa ɗalibai amfanin da likitoci ba su faɗa ba.

Alhaji Maliki ya dubi ɗansa. Sannan ya juya ya yi tambaya cikin ladabi, irin yadda yake tambayar shekarun bijimi a kasuwar shanu.

"Malama, ni ne mahaifinsa. Saura yaushe ya gama?"

"Alhaji, a bari ya fara tukuna."

Hamma da Mati babur ɗaya suka hau zuwa gida. Kafin su kai Mai'adua sun raba filin daga gindin tsamiya, daidai inda mai gari ke raba musu shi duk shekara. Washegari jakunansu suka fara kai taki.

Ranar Juma'a Barista ya dawo gida ya yi bayani a teburin mai shayi. Ya ce binciken sirri yake yi, an sa shi ya zauna cikin ɗalibai don ya auna ƙwazon malamai. Ba wanda ya musa masa. Kowa ya ce Allah ya taimaka, ya ci gaba da shan shayinsa.

Da safiyar Litinin ya fito tashar babura, kwat a goge, jama'a cike da wurin. Har ya ɗaga ƙafa zai hau, sai ga kakarsa Laraba tana tafe da sanda, tana kiran a tsaya. Ta iso tana haki, ta cusa masa ƙullin leda a aljihun kwat, ta daddaɓa shi.

"Ƙuli-ƙuli ne," ta ce. "Ka ci in an fita tara. Kada ka bari manyan yara su ƙwace maka."