Burodin da Ke Ƙarƙashin Farin Ƙyalle

Ba zan taɓa mantawa da Jumma'ar da ta wuce ba, don har yanzu in na ga farin ƙyalle sai gabana ya faɗi.

Aikin kicin nake yi a wani ƙaramin cocin Lutheran da ke unguwar Hadayek el-Maadi, inda ake ciyar da baƙin haure. Mama Rifkatu, 'yar Numan, ita ta samo mini, kuma da shi nake riƙe da ɗakina a unguwar Faisal. Faston mace ce, Baturiya, mai rubuta littattafai a kan cewa ƙofar coci ba ta rufuwa ga kowa. Ni Musulma ce, da hijabina ta ɗauke ni aiki.

Ranar nan, da yake a ƙasar nan Jumma'a ake yin sujada a coci, cunkoso ya tsare Mama Rifkatu a hanya, sai na zama shugabar kicin (ni na naɗa kaina). Yaran Sudan suka shigo da yunwa, ga ful, wato dafaffen wakensu, ya nuna, babu burodi. Ina waigawa na hango tire an lulluɓe da farin ƙyalle. Na ɗaga: burodi zagayayye, mai ƙamshi. Na yayyanka, na cusa ful, na raba. Ni ma na ci (biyu, tunda gaskiya ake faɗa). Don a san ina da tarbiyya, na ajiye wa Fasto nata a tiren, har da yankan tumatir, na mayar da ƙyallen.

Aka zo aka ɗauki tiren. Ina leƙe ta ƙofa ina jiran yabo, sai na ga an ɗora shi gaban jama'a. Fasto ta yi addu'a, ta yaye ƙyallen. Ful ya ɗiga.

Mama Rifkatu, da shigowarta ke nan, ta damƙe hannuna. "Ke 'yar nan! Gurasar Jibin Ubangiji, mai tsarkin nan da ake rabawa a sujada, kika yi wa haka? Fasto da hannunta ta gasa!"

"Mama, wallahi na ci biyu," na ce. "Yanzu a wane addinin na yi laifi?"

A raina na riga na ga kayana a bakin titi. Fasto ta yafito ni, ta tambaya da gurgun Larabcinta, "Wa ya ci sauran?"

"Yara."

"Sun ƙoshi?"

Na gyaɗa kai.

"Khalas, shi ke nan, ya je inda aka aike shi. Yalla, maza sayo mana wani a bakin layi." Sai ta raɗa mini, "Wannan kuma a ajiye mini, ban karya ba."

Aikina na nan. Sai dai yanzu ko tukunyata ce na tarar a rufe, sai na nemi izinin Mama Rifkatu kafin in buɗe.