Tayar Mota a Gindin Babur

"Lafiya lau na kwana, sai dai ƙarar wannan injin niƙan naka da ta katse min lazimi," in ji Hajiya Yagana, tun jikanta Mansir bai gama durƙusawa ba.

Wata goma sha huɗu ke nan tsohuwar ba ta leƙa ƙofar gida ba. Tun ranar da ɗan acaɓa ya zubar da ita a wata kwana a Wunti ƙugunta ya goce, ƙashi ya warke amma tsoro ya ƙi warkewa. Lungunsu na Ƙofar Dumi kuwa ko keke-napep ba ya shiga, bakin titi kuma ya fi ƙarfin ƙafarta. To yau ga suna a Yelwa. Maimuna ƙanwar Mansir ce ta haihu, kuma da safen nan aka raɗa wa jaririyar suna Yagana. Tsohuwa ta dama kunun kanwa cike da kwano, ta ce a kai wa mai jego, a ce tana barka. Bakinta ke nan. Zuciyarta kuwa ba abin da take so a duniya irin ta rungumi takwararta.

"Amarya, ba kunu na zo ɗauka ba, mai kunun na zo ɗauka. Tashi ki yafa mayafi."

"A kan me? A kan wannan akwatin gawar? Mijin banza, so kake ka ƙarasa ni ka gaji tasoshina."

"Tasoshin da duk sun yi lamba? Ko mai gwangwan ba zai karɓa ba. Fito dai ki ga abin da na yi saboda ke."

Ta dogara sanda har zaure, tana tafe tana mita. Ga ƙaton babur ɗin nan nasa ɗan kwatano, mai dogayen ƙaho da kujera har da majingina. Sai da ta kai ido baya ta riƙe haɓa.

"La ilaha! Mene ne wannan? Gaba akuya, baya saniya?"

"Tayar mota ce, Hajiya. Jiya na wuni wurin Gbenga mai faci a Gwallaga. Sai da aka shafe ta da sabulu, ƙarti uku suka hau suka taka. Da aka ba ta iska ta zauna, ƙarar da ta yi har mai shayin gefe ya bar butarsa ya ruga."

"To wace baiwar Allah ce ka sace wa ƙafar mota? Tana can tana ɗingishi irina."

"Saye na yi. Tawa ma sabuwa ce fil na cire. Dubi faɗinta, ta fi faifan tuwonki. Wannan ko da gangan ba ta zamewa."

"Haka wancan ɗan acaɓan ya ce, sai ga ni ina kallon sama."

"Shi kwanciya ya yi a kwana. Wannan kuwa ba ta yarda a kwantar da ita, dole in lallaɓa. Abokaina har sun fara kirana direban tirela. Kin kashe min gayu a garin nan, tsohuwa."

"Gayu? Da wannan wuyan naka kamar na zalɓe?"

Ta zunguri tayar da sanda, ta sake zungura. Ta ji ta daram. Wani abu ya motsa mata a rai, don ta san yadda yaron nan yake ji da babur ɗinsa.

"To ji nan. Ɗora kwanon kunun nan a kujerata, ba murfi. Ka je bakin masallaci ka dawo. In ya zuba ko cokali guda, na sake ka, ka nemi wata."

"Mace ce ke saki yanzu?"

"A gidan nan, tun kafin a haifi ubanka."

Mansir ya ɗaure kwanon da roba, ya yi bismilla, ya ja. Tsohuwa ta tsaya a bakin zaure, ba ta ma lura ƙafarta ɗaya ta riga ta fita waje ba. Tana kallo ya tsallake kwata, ya kauce wa tunkiyar maƙwabta, ya juya a gaban masallaci sannu-sannu kamar mai ɗauke da ƙwai. Da ya dawo ta leƙa kwanon, ta shafa kujerar da tafin hannu. A bushe.

"Shanyewa ka yi a hanya, shi ya sa."

"Kunun masu jego? Allah ya kiyaye! Dubi bakina."

"Bakin da kullum a shafe yake, me zan gane?"

Dariya ta ƙwace mata, har da ƙwalla. Ta koma ɗaki ta daɗe, sai ga ta da mayafin fita, a hannunta kuma wani tsohon baƙin tabarau a naɗe cikin hankici.

"Ungo. Na kakanka Modibbo ne, da shi yake kai ni unguwa a basfa. Tun da ya rasu ban sake samun wanda ya ja ni a hankali ba."

Mansir ya karɓa da hannu biyu. Ya tallafe ta ta hau, ta jingina, ta rungume kwanonta da aka rufe, ɗaya hannun kuma ta damƙi rigarsa tamau. Idonta a runtse har suka fita lungu. Da iskar titi ta bugi fuskarta sai ta buɗe, ta ga gari yana nan yadda ta bar shi.

Ta dungure masa ƙeya.

"Kai direban tirela, ƙara wuta kaɗan mana. So kake takwarata ta yi haƙori ban iso ba?"