Ranar Da Na Karya Tsumagiyar Ustaz

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara taka ƙafata cikin makaranta, da jikokina da furfurata, na kuma fito da abin kunyar da har yau in na tuna sai na ja mayafi na rufe fuska. Ni ban yi karatu ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, na kuma ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini.

Maigidana, Baban Hauwa, Allah ya jiƙansa (sunansa dai ba zai fito daga bakina ba, bai fito yana raye ba, balle yanzu), tela ne a nan unguwar Mayo. Amma ya yi makarantar maza a Omdurman yana yaro, kuma ɗan ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta ne na gani-kashe-ni. Duk shekara bayan babbar salla suna taruwa a farfajiyar makarantar. Ranar zai sa farar jallabiya, ya naɗa rawani, ni kuma in dama masa fura cike da babbar kula ya tafi da ita. Bai taɓa fashi ba. Shekarar da aka yi masa aikin ido ma da filasta ya je. In ya dawo na tambaye shi abin da suka yi, sai ya ce, "Tabur muka yi," wato layin da yara ke yi da safe. Wata shekara da dariya zai faɗa. Wata shekara kuma ya faɗa ya shige ɗaki, ko abinci ba zai taɓa ba. Ban taɓa bin ba'asi ba.

Da ya rasu na yi takaba na fita, amma kukan bai fita ba. Kekensa na ɗinki yana nan a lulluɓe, in na gifta shi sai idona ya cika. Ana cikin haka Alhaji Abakar ya zo daga garin Bahri, abokinsa da suka zauna benci ɗaya tun ajin farko.

"Hajja, bana da ke za a yi," in ji shi. "Duk wanda ya rasu, iyalinsa ke zuwa. Amma don Allah ki zo da wuri, matata Saratu za ta yi miki bayani."

Ban zo da wuri ba. Na tsaya damun fura, don ba zan je wurin abokansa hannu sake ba, sannan mota ta maƙale da mu a kan gada. Ko da na shiga an riga an fara.

Abin da na tarar ya ba ni mamaki. Tsofaffi ne reras a layi cikin rana, Hausawa da Larabawa, mai tumbi da mai sanda, har da likita da wani da aka ce alƙali ne. A gabansu an ajiye wani tsoho tukuf a kujera, Ustaz Tijani, malaminsu na da. Idonsa ya tafi, amma da ka yake kiran sunayensu, da siririyar tsumagiyar gora a hannu. Wanda ya makara sai ya miƙa tafi a ɗan tsula masa, ya yi tsalle yana yarfe hannu, kowa ya kwashe da dariya. Na nufi inuwar darbejiya wurin mata. Saratu tana ta yafito ni daga can ƙarshe, ni kuwa ina fama da inda zan ajiye kula.

Sai na ji Ustaz ya kira sunan Baban Hauwa.

Ya sake kira. Sannan ya buga tsumagiya a ƙasa.

"Ba ya nan? Fashi babu izini! Ai na san shi, tun yana yaro malalaci ne, a bencin baya yake barci. Wa zai karɓi hukuncinsa?"

Na ga Alhaji Abakar ya fito ya miƙa hannu.

Ban san lokacin da na tsallake tabarma ba. Ni da gwiwa ke hana ni ruku'u, sai ga ni a gaban tsohon nan, mayafi ya zame, takalmi ɗaya ya tsaya a baya.

"Wane ne malalaci?" na ce, Hausa da Larabci duk sun cakuɗe a bakina. "Mutumin da ya ƙare idonsa a kan allura? Yana kwance a kabari, ƙasarsa ba ta bushe ba, kai kana nan kana cin namansa! Ku kuma da gemunanku kun tsaya kuna ji. Furar da kuka sha ta shekara da shekaru, ashe a banza kuka sha!"

Na fizge tsumagiyar, na sa a gwiwa (gwiwar nan dai mai ciwo), ji kake ƙas.

Da na ɗago ina haki, ba wanda ya motsa. Alhaji Abakar yana tsaye, hannunsa a miƙe, hawaye na bin gemunsa.

"Hajja," ya ce a hankali, "ba ki bari na ba da uzurin ba."

Saratu ce ta iso ta raɗa mini sauran. Ashe haka suke yi wa duk wanda ya rasu a shekarar. Ustaz ya kira shi, ya yi masa faɗa irin na da kamar yana nan, abokin bencinsa ya fito ya faɗi dalilin rashin zuwansa, sai a yi masa addu'a. Ban kwanansu ke nan. Shekarun da Baban Hauwa ke dawowa ya kasa cin abinci, wannan ya gani. Tsumagiyar kuwa tun suna yara take, a cikin ƙyalle ake adana ta daga shekara zuwa shekara. Ga ta biyu a hannuna.

Da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Ustaz ya lalubi iska da hannu. "Wace ce wannan?"

"Iyalinsa ce, Ustaz."

Ya jinjina kai. "To, yau na gane abin da ya sa bai taɓa makara ba."

Dariya ta ɓarke, wasu na yi suna share ido. Da ta lafa ya gyara zama ya ce, "Abakar, ina abokinka?"

"Ustaz, Wanda ya fi ka iko ne ya kira shi."

"Uzuri ya karɓu. Yaron kirki ne. Fatiha."

Duk layin suka ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga nawa da guntayen gora a ciki, na yi kukan da ban yi irinsa ba ko ranar da aka fita da shi.

Bayan an shafa Ustaz ya ce da saura. Ɗalibar da ta makara, ta kuma ɓarnata kayan makaranta, ta miƙo hannu. Na miƙa. Ya karɓi guntu ɗaya ya ɗan taɓa tafina, ya yanke mini hukuncin kawo fura duk shekara. Na kuwa riƙa kaiwa, har yaƙin nan ya zo ya watsa kowa. Ustaz ma ya rasu, ban san wa zai kira sunansa ba. Ɗaya guntun yana wurina, a aljihun keken ɗinki.

Karatuna ke nan gaba ɗaya, yini guda da bulala guda. Abin da na haddace kuwa: in an ce ki zo da wuri za a yi miki bayani, ki bar furar ta jira.