Rokarsu da Ƙarfen Sabis Ɗinmu

Abin ya fara ne da hantsin Asabar ɗin da ta wuce, ranar sunan ɗan maƙwabciyata Khairiyya, a nan Glenwood, a Amurka. Maza sun dawo daga masallaci, an raɗa wa yaro sunan kakansa marigayi, mu mata mun cika falo. Aka duba aka ga ni ce malamar makaranta, saboda haka ni aka miƙa wa waya, aka ce in haɗa mu da Inna, mahaifiyar Khairiyya, can ƙauyensu a gida, ta ga jikanta.

Ban yi gardama ba. Na je bakin taga na ɗaga hannu. Na fita baranda. Daga ƙarshe, da shekaruna da hijabina, na hau kujerar roba, duk da na san ba daga wajenmu matsalar take ba. A ƙauyen su Inna, sabis a kan dutse yake zaune, bayan gari. Mai son magana da nesa sai ya hau. Sale, yayan Khairiyya, ya goyo tsohuwar a babur har gindin dutsen, ta taka iya inda gwiwoyinta suka yarda, ta zauna a nan.

Hoto ya zo. Muka ga kunnen Inna da gefen ɗankwalinta, sauran duk sararin sama. Murya ta biyo baya a gutsure: "Ina angon nawa? Ku juyo min da shi in ga ko zai iya cefane." Khairiyya ta ɗago jaririn tana saita fuskarsa, kafin ta gama hoton ya daskare. Muka yi ta kira har shinkafa ta huce. Sai daga baya saƙon Sale ya shigo: sun sauko, gwiwar Inna ta kumbura, ta ce wannan ne hawanta na ƙarshe.

Malam Ousseini, mutumin Nijar mai tuƙa tasi, wanda ya shigo mana da kulolin abinci, ya ƙara muryar talabijin don a samu abin kallo. Ana nuna wani kamfani yana harba roka, ɗauke da tarin taurarin ɗan'adam masu raba intanet. Ta tashi cikin wuta da hayaƙi. Can sai ga gindinta ya rabu da ita, ya juyo, ya sauko a hankali, ya tsaya cak da ƙafafunsa a kan wani dandamali a tsakiyar teku.

"Ta fasa tafiyar ne?" in ji Hajiya Larai, wadda ta girme mu duka.

"A'a Hajiya, ta kai fasinja tasha ne, na gaba ya ɗauka," in ji Malam Ousseini. "Kamar ni. Za a wanke ta, a duba inji, a zuba mai, ta sake lodi. Waɗancan da aka bari a sama su za su riƙa ba da rezo, wato sabis, har cikin daji."

"Ita ɗin dai? Ba za a sayi sabuwa ba?"

"Ita ɗin dai."

Hajiya Larai ta gyara zaman gilashinta. "To shi mai sa hannu a takardar kwangila, a ina zai ci abinci?"

Masu karatu, a nan ne kishin ƙasa ya motsa mini. Duniya tana ta tafi, wai an ƙirƙiro abin da ake harbawa ya dawo a sake amfani da shi. Ina ganin lokaci ya yi da za a yi wa manyanmu adalci. Sun daɗe da wuce nan, talla ce kawai ba su iya ba.

Khairiyya ce ta ba mu tarihin, tana jijjiga yaro. Gab da zaɓen da ya wuce, babbar mota ta shiga ƙauyensu da ƙarfen sabis. Aka kafa shi a filin makaranta, aka jera rumfuna, aka tayar da janareta. Mai Girma Uban Ƙaddamarwa, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya iso da jerin motocin da suka fi gidajen bulo na garin yawa. Ya yanka ƙyalle, ya ciro waya, ya yi magana a gaban jama'a da wani wanda har yau ba a san ko wane ne ba. A ranar Inna ta kira 'yarta daga tsakar gida, tana zaune a kan tabarmarta, har ta nuna mata kaji. Kafin Magariba aka kwance ƙarfen. Aka ce za a kai shi birni a ƙara masa ƙarfi.

Ba a jima ba Sale ya je cin kasuwa wani gari, ya tarar ana ƙaddamar da sabon ƙarfen sabis. Ya matsa kusa ya gane shi, domin ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe tun ranar da ake sauke shi a garinsu. Ya ce har ya so su gaisa. Daga baya labari ya zo daga wasu garuruwan cewa su ma mai lanƙwasasshiyar ƙafa ya baƙunce su, ya yini, bai kwana ba.

Yanzu a kwatanta tsakani da Allah. Rokarsu tana barin kayan da ta ɗauka a sama, ta dawo fanko. Wannan ai asara ce. Namu ƙarfen yana komawa gida da komai nasa, har da sabis ɗin, ba ya barin ko layi ɗaya a fuskar waya. Abin da ake saye sabo a kowace tafiya shi ne ƙyalle da almakashi, sai kuma motocin rakiya, waɗanda darajar kujera ba ta yarda a maimaita su ba. Bara da na je gida na yini a layin mai, irin wannan jerin motoci ya wuce mu da jiniya. Sai yanzu na fahimci akwai garin da ke jiran ƙarfe. Da na sani da na yi musu addu'ar sauka lafiya, maimakon abin da na faɗa a zuciyata, wanda na riga na nemi gafararsa.

Kada kuma a ce ba a bar wa mutanen ƙauyen komai ba. Akwai allon siminti mai ɗauke da sunan Mai Girma. Sale ya ce awaki suna shan inuwarsa, kuma tun da aka kafa shi bai taɓa ɗaukewa ba.

Malam Ousseini ne ya dawo da mu kan maganar Inna. Ya ce akwai wani faranti da ake sayarwa, a saita shi yana kallon sama, a haɗa masa sola, ya riƙa jawo intanet daga waɗancan taurari. Ya ga wani ɗan'uwansa ya kai irinsa garinsu.

Ma'aruf, mijin Khairiyya, wanda shi ne sakataren ƙungiyar 'yan garinsu a nan Amurka, ya leƙo daga ƙofa ya gyara murya. "Shawara ce mai kyau. Amma sai a sanar da Mai Girma tukuna. Ba a shigar da abin ci gaba gari babu babba a wurin. Sai a ce mun raina shi."

"Da almakashi zai zo, ko da babbar mota?" in ji Hajiya Larai.

"Wannan ba ya bukatar babbar mota, Hajiya," in ji Malam Ousseini. "Ba shi da nauyi. But ɗin mota ma ya ishe shi."

Na kusa goyon bayan Ma'aruf, domin haka aka rene mu. Mu mutane ne masu ladabi. Ko rijiya muka haƙa da hannunmu, ba ma jin ruwanta ya halatta sai wanda bai haƙa ba ya zo ya buɗe mana ita, mu kuma mu yanka masa rago mu gode.

Khairiyya ta kwantar da jaririn, wanda ake ce wa Abba saboda sunan mahaifinta da ya ci. Ta ja masa bargo, sannan ta dubi mijinta.

"Baban Abba, Hajiya za ta gida wata mai zuwa. Farantin zai bi ta a akwati, a naɗe cikin zannuwan gado. Yaya Sale zai ɗaura shi a bayan rumbun Inna, inda ba a hango shi daga hanya. Inna za ta ga angonta tana zaune a kan tabarmarta. Ba wanda zai ƙaddamar da shi."