Hannun da Ya Riƙe wa Mai Girma Laima

Yau da hantsi maƙwabciyata Akumu mai suyar kifi ta turo ƙofata babu sallama, kamar yadda ta saba shekara talatin, ta same ni durƙushe a gaban talabijin, hancina ya kusa taɓa gilashi. Fuskar Mai Girma Shugaban Kwamitin Kyautata Rayuwar Masunta ce ta cika allon daga wannan kunne zuwa wancan, ni kuma ina shafa ta da yatsa ina hawaye.

Akumu ta dire farantin da ke hannunta, ta riƙe ƙugu, ta kira ni da sunan da take kirana, wato 'yar garin Asembo.

"Nyar Asembo! Mijinki ko shekara bai cika a ƙasa ba har kin yi sabo? Kuma duk mazan bakin tafkin nan ki rasa wanda za ki ɗauko sai mai tumbi? Faɗa mini rana in je in ɗinka atamfa."

To, tunda bakin Akumu ya fi babur gudu, gara ku ji labarin daga wurina kafin ya isa kasuwa an ƙara masa gishiri.

Mijina Oluoch masunci ne. Gobe Asabar zai cika shekara da rasuwa. Gobe ne za a yaye ƙyallen da ke kan gicciyen kabarinsa, dangi su taru, a fito da kujerarsa ƙofar ɗaki a ɗora hotonsa a kai, kowa ya zo ya tsaya gabansa kafin a sa hannu a tuwo. Kujera tana nan. Masara tana nan. Hoto ne babu.

Oluoch bai taɓa yarda da mai hoto ba. Cewa yake yi, "Don me zan biya wani ya nuna mini abin da bokitin ruwa yake nuna mini kyauta?" Na jikin katin shaidarsa aka faɗaɗa lokacin jana'iza, ya fito kamar tabon miya a farar riga. 'Yan kaɗan da 'yarmu Adongo ta ɗauke shi a ɓoye suna cikin wayar da aka zare mata a motar Kisumu.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba, ko fasto. Fuskarsa ta fara zille mini. Muryarsa tana nan. Tarinsa na asuba yana nan. Amma idan na rufe ido na ce bari in gan shi, sai in ga kamar kwalekwalen da ya yi nisa a ruwa: na san nawa ne, amma ba na iya gane wanda ke ciki. Shekara arba'in da ɗaya ina kallon fuskar nan a ƙetaren akushi, yau ita ce take mini wasan ɓuya.

Sai na tuna an taɓa sa shi a talabijin. Shekara uku ke nan, ranar da Mai Girma, Rumfa Sha Shirgi, Garkuwar Masunta Idan Ba a Ruwa, ya zo buɗe mana ɗakin sanyi na ajiye kifi. A nan bakin ruwa idan babban baƙo ya zo, dattijon da ya fi kowa daɗewa a sana'a shi ake ba laima ya riƙe masa. Girmamawa ce, haka aka ce mana. Oluoch aka ba. Daga ranar har ya koma ga Mahaliccinsa ba mu huta ba. "Ni da Mai Girma kafaɗa da kafaɗa, awa guda cur, duniya tana kallo." Mu dai ba mu gani ba, don ranar da aka nuna babu wuta.

Na faɗa wa Adongo. Yarinyar kirki, sai ga sabuwar talabijin mai faɗin ƙyauren ɗaki, da wata 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanka ba. Mutumin da ya zo haɗawa ya ce sunanta 4K.

Na ce, "'Yar gidan wa ce?"

Ya ce, "Mama, ba mutum ba ce. Tsabar haske ne. Wannan idan aka nuna kaza sai ki ƙirga gashinta. Fim ya fi dubu goma a ciki, har ki gaji da duniya ba ki ƙare ba."

Na ce, "Ɗana, na riga na gaji da duniya. Guda ɗaya nake nema."

Gaskiya ya faɗa a kan hasken, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ni da Akumu mun ga abin da ido bai taɓa gani ba. Mun ga ƙasar da ƙanƙara ke zuba kamar garin masara, ba mai tarawa. Mun ga ƙarti uku sun yini suna dafa abincin da ba zai ƙosar da kyanwa ba, wani ya ɗanɗana ya ɓata rai. Mun ga mutane suna harbin juna a harsuna kala-kala. Amma wanda zai buɗe baki ya yi magana irin tamu, ko ya ci tuwo da hannu, ko ɗaya babu.

Can muka hango hoton tafkinmu, har da dutsen nan da mata ke wanki. Akumu ta yi tsalle.

"Danna! Danna! Na san su, turawan nan ne da suka zo bara waccan. Ni na soya musu kifi, har suka ce in yi dariya in ɗaga ludayi."

Na danna. Sai rubutu ya fito. Karatuna aji huɗu ya tsaya, amma a hankali na haɗa shi: wai ba a ba da izinin kallon wannan a ƙasarku ba.

Akumu ta ce, "A ƙasar wa aka ɗauka?"

Na ce, "Tamu."

Ta ce, "To ludayin nawa fa, yana can yana yawo a Turai, ni an hana ni ganinsa?"

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Ga kuma wani ɗan zobe da yake fitowa a tsakiyar allo ya yi ta juyawa duk lokacin da sabis ya yi fushi. Akumu ta raɗa masa suna Alkawari, wai don yana ta tafiya bai taɓa isa ko'ina ba.

Ranar Talata na hau babur na tafi ofishin kwamitin. Allah ya ƙara musu ɗaukaka, mutanen nan suna son ci gaba. Kowane ɗaki da tasa talabijin, har da hanyar bayi, kuma duk mutum ɗaya suke nunawa. Na zauna a benci tun rana tana dukan bango har ta koma dukan kai. Da aka gama shan shayi na biyu, wani magatakarda mai ƙyallin takalmi ya kira ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hoton buɗe ɗakin sanyi nake nema. Mijina yana ciki."

Ya ce, "Wace buɗewar, Mama?"

Na ce, "Ashe suna da yawa?"

Ya ce, "Uku. Akwai buɗewa, akwai sake buɗewa, akwai kuma bikin murnar buɗewa."

Ni kuwa da nake wucewa ta gefen ɗakin nan kullum, ban taɓa ganinsa a buɗe ba. Ba a taɓa kai masa wuta ba. Duk bakin tafki babu inda ya kai shi zafi, shi ya sa mata suke shanya ƙananan kifin omena a kan rufinsa. Kun ga ai ya yi amfani. Masu cewa an yi asarar dukiya hassada ce ke damunsu.

Magatakarda ya gyara wuyan riga ya ce, "Mu ba ma ɓoye komai. Daga waje muka yo odar kyamarori, irin na 4K ɗin nan. Duk ayyukanmu suna tasharmu, a cikin na'urarki. Ki nemi wanda aka rubuta wa Rana Mai Tarihi."

Na yi godiya har da rusunawa. Na dawo gida na buɗe tashar. Jama'a, Rana Mai Tarihi guda ɗari biyu da goma sha biyu ce. Dukansu sunansu ɗaya. Ni ban san muna cikin tarihi har wuya haka ba, na ɗauka talauci ne.

Ranar Laraba ni da Akumu muka ɗaura ɗamara. Mai Girma yana yanka kintinkiri a bakin rijiya. Mai Girma yana dasa itace. Mai Girma yana dasa wani itacen a ramin na farko. Kuma hasken nan, tubarkalla! Na san ƙurjin da ke bayan kunnensa. Na ga zaren nama a haƙorinsa ranar da ya zo jajanta wa waɗanda ambaliya ta cinye wa gonaki. Mu kuwa da aka yi taron dominmu, tafinmu kawai ake ji. Idan an yi sa'a a hango mu can baya, dishi-dishi, kamar tsummokaran da aka shanya a kan shinge. An sayo kyamarar da ke ƙirga gashin kaza, aka ɗaure ta a fuskar mutum ɗaya.

Jiya Alhamis da azahar Akumu ta miƙe ta kakkaɓe zani.

"Ni na tafi. Jiya mafarkin tumbin nan na yi, yana bina da almakashi. Ki haƙura, 'yar'uwa, ki ɗora tabon miyar a kan kujera. Wanda ya san shi ya san shi."

Ban ce mata ni ce na fara rashin saninsa ba.

Yau da safe, a ta ɗari da sittin da wani abu, na ga koriyar laimar da aka ba shi ranar. Mai Girma yana tsakiya da baƙin tabarau, yana bayanin yadda kifinmu zai riƙa kwana cikin sanyi kamar ɗan sarki. A gefen allo, can ƙurya, ga hannu riƙe da sandar laima. Babban yatsan a karkace yake, inda ƙugiya ta taɓa shiga. Ga hannun shuɗiyar rigarsa ta zuwa coci. Ga ɗinkin da na yi masa a daren jajibiri da jan zare, don shuɗin ya ƙare, ya yi ta mita wai zan kunyata shi a gaban manya. Ɗinki bakwai. Na ƙirga su.

Na jira kyamara ta ɗan matsa. Taku ɗaya kawai nake roƙo. Ba ta matsa ba. Jawabi ya yi nisa, hannun yana nan, bai sauka ba, bai canza ba. Na ce, "Oluoch, wannan ce kafaɗa da kafaɗar? Shekara biyu kana cika mana kunne, ashe daga gwiwar hannu zuwa yatsa aka ɗauke ka?" Ina faɗa ina dariya, ina share ido da bakin zani. Na ce to, da babu gara ba daɗi, gobe sai in ɗora hoton hannun a kan kujera.

Sai iskar tafki ta taso. Allah ya yi wa iskar nan albarka. Ta karkatar da laima, rana ta sauka a kan sanƙon Mai Girma. Ya katse magana, ya juyo gefe a fusace zai yi wa tsoho tsawa, mai kyamara kuwa ya ƙara jawo fuskar har ta cika allo. Na danna maɓallin tsayarwa, ban ma san na danna ba.

A cikin baƙin tabarau ɗin, ga Oluoch. Guda biyu, ɗaya a kowane ido, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Amma tas. Ga furfurar. Ga kunnuwan nan kamar hannun tukunya. Ga giɓin haƙoran ƙasa da aka cire masa tun yana saurayi, duk a waje, don dariya yake yi. Ana hararsa yana dariya, kamar yadda yake mini idan na kama shi ya sha shayin baƙo.

A nan Akumu ta same ni.

Na ce mata, "Rufe bakin nan ki zo ki durƙusa."

Ta durƙusa tana gunaguni, ta kanne ido, ta matsa. Sai ta yi shiru. Akumu ta yi shiru, ku rubuta wannan a cikin ranakun tarihi.

Can ta ce, "Kai, ɗan banzan tsoho. Ashe nan ka ɓuya." Ta ja majina. "Dubi kunnuwa. Nyar Asembo, da idonki biyu kika auri kunnuwan nan?"

Na ce, "Da idona biyu."

Muka zauna a ƙasa, kifin da ta kawo ya huce a faranti. Na rufe ido don in gwada. Kwalekwalen ya dawo bakin gaɓa.

Ɗazu Adongo ta iso, ta ɗauki hoton allon da wayarta ta kai wa mai wanke hoto. Ya ce zai faɗaɗa, amma ba yadda za a yi a fitar da Baba ba tare da an haɗo da ɗan karan hancin Mai Girma ba. Na ce a bar shi. Gobe su biyu za su zauna a kan kujera, kafaɗa da kafaɗa, kamar yadda marigayi ya sha faɗa. Ku zo ku gani. Wannan ne karo na farko da babban mutum zai halarci taron talaka babu jiniya, kuma ba zai ci ko loma ɗaya ba.

Su kuma manyanmu, Allah ya ja zamaninsu, ba na roƙon wuta a ɗakin sanyi, na san abin ya fi ƙarfin buɗewa uku. Roƙona ɗaya ne: kada ku daina sa baƙin tabarau, kuma a riƙa goge shi. Tunda nake, a nan kaɗai na taɓa ganin talaka a idon babban mutum. Shi ma sai da rana ta ƙona masa kai ya waiwayo.