Pak Kirno Ya Buɗe Gada

Allah ya yi wa kowace unguwa baiwarta. Wata ya ba ta rijiya mai daɗin ruwa, wata ya ba ta likita. Mu mutanen Layin Randu, a bayan kasuwar Klaten a tsibirin Jawa, inda ake ce wa magidanci Pak, sai ya ba mu Pak Kirno.

Cikakken sunansa Sukirno Hadiprayitno, kamar yadda allon tagulla na ƙofar gidansa yake shaida wa duk mai wucewa. Ya yi wa gwamnati aiki har ritaya, a ofishin da ake buga hatimi a kan takardun da wani ofishin ya riga ya buga wa hatimi. Da ya ajiye aiki, ya dubi ƙasar nan don ya ga inda ta fi buƙatarsa, sai ya ga harkar fim ce. Ya sayi talabijin wadda sai da aka cire ƙyauren falo kafin ta shiga. Ya ja intanet, ya yi rajista a duk wata manhajar fina-finai da ya ji sunanta, ya rataya tabarau a wuya da igiya. Daga ranar unguwa ta huta da wahalar sanin abin da take so.

Kafin zuwansa cikin jahilci muke kallo. Sabon fim ya fito, mutum ya kunna a waya ko a talabijin, ya yi dariya inda aka yi abin dariya, ya share hawaye inda aka mutu, ya tashi ya kama harkarsa. Ashe duk a karkace muke yi. Pak Kirno ne ya gyara mu, kyauta, kowace safiya, a rumfar shayin Yu Darmi.

"Na duba sabbin fina-finan watan nan," in ji shi, yana motsa shayin da wani ya saya masa. "Na fatalwa, gawa ce cikin likkafani tana tsalle kamar kwaɗo, wannan ba na mai ilimi ba ne. Na soyayyar Koriya, saurayin ya fi budurwar kyau. Ta ina wannan zai gina ƙasa? Na faɗace-faɗace, an farfasa motoci ba a nuna hukumar da ta ba da izini ba. Na yara, kyanwa tana magana, amma ba ta gaida manya. Na barkwanci kuwa, ku gafarce ni, abincin wanda ba ya tunani ne. Ni ban taɓa dariya a gaban fim ba, kuma iyalina shaida ne."

Mu kuma mu ce, "To, Pak." Wannan "to" ɗin namu tsohon kaya ne, da shi kakanninmu suka sallami gwamnoni iri-iri. Abin da yake nufi kawai, kunne ya ji. A duk tsibirin Jawa, Pak Kirno kaɗai ke ɗaukarsa alkawari.

Alherinsa bai tsaya a rumfar shayi ba. Ran Lahadi yakan gayyaci maƙwabta kallo a falonsa, shi a kujera, mu a tabarma, rimot a hannunsa kamar sandar girma. Ɓarawo zai ɗaga wuƙa, mace ta buɗe baki za ta yi ihu, sai hoto ya daskare. Pak Kirno ya miƙe. "Ku lura da labulen nan. Me ya sa kore ne?" Ba wanda ya sani. Shi ma bai sani ba, amma yakan bayyana. Kafin ya gama, matar nan ta gaji da buɗe baki, mu ma mun manta wanda ake shirin kashewa. In ya ga fim ya ɗaure mana kai, saboda tausayi sai ya faɗa mana ƙarshensa. Shi ya sa a bayan idonsa ake kiransa Pak Dakata, wasu kuma su ce Sarkin Rimot.

Yana da masoyi na haƙiƙa guda ɗaya, Mbah Wongso, dattijon da ya fi kowa shekaru a layin. Kullum shi ne a sahun gaba, yana gyaɗa kai, yana murmushi. Pak Kirno yakan nuna shi ya ce, "Ga wanda yake fahimtata." Mbah Wongso ya kurumce tun kafin a kawo wutar lantarki layinmu.

Bara wasu 'yan fim suka sauka a bakin kogin da ke bayanmu da motoci da fitilu. Labari bai gama isa kasuwa ba, Pak Kirno ya sa rigar batik, mai zane-zane da dogon hannu, da baƙar hula, ya tafi ya taimaka musu. Ya tare daraktar, wata matashiya da ake kira Mbak Laras, ya fara koya mata aikinta tun daga asalin majigi. Waɗanda suke wurin sun ce da farko tana duba agogo. Can sai ta daina. Idonta ya fara haske kamar na wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Ta ce, "Pak, muna da wani fage da babban jami'i zai buɗe sabuwar gada. Za ka hau mumbari? Babu abin haddacewa. Ka yi yadda ka saba kawai, don Allah kada ka canza komai."

Bai canza komai ba. Ya yi magana har batirin kyamara ya mutu, aka sa wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Tun daga ranar allon tagulla ya sami ƙarin layi: ɗan fim. A rumfar Yu Darmi kuwa ba a sake shan shayi da zafinsa ba. "Fim ne na kishin ƙasa," in ji shi. "Mai nauyi. Ita yarinyar tana da basira, ta gane labarin yana buƙatar ginshiƙi. Ban nemi ganin rubutun ba. Ginshiƙi ba ya tambayar launin fenti."

Sai ga zaɓen shugaban unguwa ya zo. Kujerar tana hannun Pak Legiman, tsohon malamin firamare, mutumin da mafi tsawon jawabinsa shi ne "kwata ta toshe, Lahadi a fito da fartanya." Pak Kirno ya ga wannan ƙasƙanci ne ga unguwar da take da ɗan fim. Ya fito takara da manufa biyu. Kallon Lahadi zai zama wajibi a kan kowane gida. Duk fim ɗin da matasa za su kunna a rumfar 'yan sintiri, sai shugaba ya duba ya sa albarka. Ya bi gida gida yana neman goyon baya, kowane gida ya ce, "To, Pak." Ya dawo ya shaida wa matarsa, Bu Kirno, cewa bai sami ko mutum ɗaya da ya ƙi ba. Ita dai ta ci gaba da yanka tempe, irin awarar waken soyarmu.

Allah da ikonsa, fim ɗin ya sauka a manhaja ran Jumma'ar makon zaɓe. Sunansa Ranar Buɗe Gada. Pak Kirno ya ga hannun ƙaddara a ciki. Ya ba kwamitin zaɓe aron gidansa: ran Lahadi bayan azahar a kalli fim a falo, sannan a jefa ƙuri'a a gwangwanin biskit da za a ajiye a baranda. Ya kuma roƙi alfarma ɗaya, kada kowa ya kalla kafin ranar, don a sha mamaki tare. Muka ce, "To, Pak." Kafin Asabar ta ƙare, babu wayar da ba ta gama shi ba a Layin Randu. Mutum ɗaya ne ya cika alkawari, shi ne wanda ya ɗora shi.

Ba a taɓa cika falon nan kamar ranar ba. Har masu ciwon ƙafar da ke tashi duk Lahadi sun warke. Takalma suka cika baranda suka gangara titi. Pak Kirno ya leƙa ya ga taro, ya gyara hula, ya ce wa Bu Kirno, "Kin ga abin da ake kira farin jini." Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Mu ba fim muka zo kallo ba, mun riga mun gani. Shi muka zo kalla yana kallo.

Bu Kirno ta jera wa kowa kofin shayi da murfinsa, da dafaffiyar gyaɗa, da soyayyiyar ayaba. Muka zauna muna kallonsu, su ma suna kallonmu. Ɗan mutunci ba ya taɓa kofi a gidan wani sai mai gida ya ce bismillah, ko da maƙogwaro zai tsage. Mai gida kuwa yana tsaye yana maraba da shugaban kwamiti, da mataimakinsa, da dattawa, da iyaye mata, da matasa manyan gobe, da waɗanda ba su samu zuwa ba. Bismillah ba ta cikin jerin. Mbah Wongso kaɗai, da ya ga bakin mai gida yana motsi, ya ɗauka an yi, ya cire murfi.

Aka kunna. Tun a fagen farko akuya ta kori ɗan sanda, mai tallan miya ya faɗa cikin tukunyarsa. Pak Kirno ya ɗaure fuska, ya danna rimot. "Kada ku ruɗu. Wannan shimfiɗa ce. Ana nuna duhun da jama'a ke ciki kafin in bayyana."

Sai ya bayyana. Ga gada sabuwa fil da jan ƙyalle a ɗaure, ga 'yan badujala, ga jama'a cikin rana, ga Pak Kirno a mumbari ya cika talabijin. Ya tsayar da hoton ya je ya tsaya kusa da kansa, aka ɗauke su hoto su biyu. Sannan ya zauna, ya saki fim, kuma a karon farko a tarihin falon ya ajiye rimot.

"Kafin in yanke ƙyallen nan," in ji Pak Kirno na cikin talabijin, "zan yi ɗan taƙaitaccen bayani."

A cikin taron, mai tallan miya ya hango wata budurwa. Ya bi ta, ta ƙi shi, ya yi ciwon so, ta tausaya. Kyamara ta koma mumbari: jami'i yana kan gaida manyan baƙi. Aka kai gaisuwa gidan iyayenta, aka ɗaura aure, aka watse. Mumbari: "Wannan ya kawo ni ga batu na biyu." Amarya ta haihu. 'Yan badujala suka yi gemu. Akuyar nan ta cinye jan ƙyallen, ta haifi 'ya'ya, su ma suka ci na biyun da aka ɗaura. Yaron ya isa shiga makaranta, kullum a kwalekwale yake haye kogi ta ƙarƙashin gadar, don har yanzu ba a buɗe ta ba.

Dariya a gaban mai gida, a kan mai gida, ba tarbiyyarmu ba ce. Yu Darmi ta cusa bakin ɗankwalinta a baki tana tauna. Pak Legiman ya duƙufa nazarin yatsun ƙafarsa kamar ranar ya fara ganinsu. Sahun baya tari ya kama su gaba ɗaya. Wani ya raɗa, "Yu, ki yi numfashi, kada ki mutu mana a nan." Ta raɗa masa, "Rufe min baki, in na mutu shi zai yi jawabi a kaina." Shi kuwa mai gida leɓɓansa na bin jawabin kalma da kalma, kamar mai bin liman.

A ƙarshe ciyawa ta rufe gadar, ta tsufa, ta rufta cikin kogi. Ƙura ta lafa. Jami'i ya gyara tabarau ya ce, "A taƙaice dai..." Fim ya ƙare.

Pak Kirno ya cire tabarau yana goge ido, har wasunmu suka fara jin kunyar kansu. Sai ya miƙe.

"Kun gani?" in ji shi. "Mai tallan miya ya tsufa. Ƙarfe da siminti sun faɗi. Me ya rage a tsaye? Magana mai ma'ana. Yarinyar nan ta fahimce ni fiye da yadda na zata. To, 'yan'uwa, kafin mu shiga zaɓe, zan yi ɗan taƙaitaccen bayani."

Nan ɗankwalin Yu Darmi ya gaza. Ta tashi da gudu ta faɗa kicin, aka jiyo wani sauti kamar ana yanka agwagwa. Pak Kirno ya ce a ƙyale ta, mata zuciyarsu ba ta ɗaukar fim mai nauyi.

Yana kan batu na farko ladan ya kira la'asar. Ba a taɓa amsa kiran salla da irin wannan himma a layinmu ba. Ɗaya bayan ɗaya muka miƙe, a duƙe, hannun dama a ƙasa yadda ake wuce babba. "A gafarce ni, Pak, salla." Shi kuma ya ɗaga hannu ya ba da izini ba tare da ya yanke jimla ba, idonsa a silin, inda yake samo misalai. A baranda gwangwani na jira kusa da takalma. Kowa ya jefa takardarsa, ya zura ƙafa, ya tafi neman lada. Aka miƙa wa Mbah Wongso gwangwanin ta taga ya jefa tasa, don shi ya ce yana jin daɗin zaman.

Rana ta yi ja lokacin da Pak Kirno ya ce, "A taƙaice dai," ya sauko da idonsa. Tabarmi ne a gabansa, da sahu-sahun kofuna cike da shayi, kowanne da murfinsa. Mbah Wongso na sahun gaba yana gyaɗa kai, ya gama da kofinsa da na maƙwabtansa na dama da hagu.

"Af," in ji mai gida. "Bismillah, a sha shayi."

Bu Kirno ta shigo da faranti ta fara kwashe kofuna.

"Bu, ina jama'a?"

"Sun tafi salla."

"Har yanzu la'asar ɗin?"

"Magariba ake jira, Pak."

"To zaɓen fa?"

"An buɗe gwangwani. Pak Legiman ne. Ya ce a gaya maka ya gode da aron gida, kuma Lahadi a fito da fartanya." Ta ɗora kofi a kan kofi. "Kai ma ka samu ƙuri'a ɗaya."

Pak Kirno ya yi shiru, abin da ya kamata a rubuta a allon tagulla. Sannan ya gyara hula, ya dube ta da idon da bai dube ta da shi ba tun suna amarci.

"Ɗaya mai fahimta ta fi dubu. Na gode, Bu."

Ta ɗaga farantin, ta nuna Mbah Wongso da babban yatsa, cikin ladabi.

"Shi za ka gode wa, Pak. Ni kunnena ƙalau yake."